Ofishin lauyan tsofaffin sojoji a Sabon Gari: abin da muka samu da abin da muke jira

Zariya gari ne da kaki ba baƙo ba ne a cikinsa. Tun shekarar 1924 Daffo, wato cibiyar horar da sababbin sojoji, yake horar da kurata, makarantar soja ta yara tana nan tun 1954, ga barikin Basawa, ga kuma Jaji a kan hanyar Kaduna, don haka da wuya a sami unguwa tsakanin Tudun Wada da Samaru wadda babu tsohon soja a cikinta. Duk da haka, lokacin da fanshon baffana ya tsaya, sai da muka shafe wata biyu muna cigiya kafin muka sami mutumin da ya san ƙofar da ya kamata a ƙwanƙwasa. Lauya ne, manjo mai ritaya wanda ya yi aikinsa a sashen shari'a na soja, yana da ɗan ofishi a saman wani bene a Sabon Gari, kuma galibin masu hawa benen nan 'yan mazan jiya ne da matan sojojin da suka rasu. Ba zan ambaci sunansa ko na ofishin ba, saboda zan faɗi inda ya gaza kamar yadda zan faɗi inda ya kyauta, kuma ɗaya daga cikin matsaloli biyun da muka kai masa tana gaban hukuma har yanzu.

Matsala ta farko ta Baffa ce da kansa. Ya shiga soja a 1978, yana cikin waɗanda aka tura Laberiya ƙarƙashin rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOMOG a 1990, ya kuma yi ritaya da muƙamin saje a shekarar 2000. A zamanin da ya shiga, yaron da ya fito daga ƙauye yakan ba da sunansa haɗe da sunan garinsu, haka aka rubuta shi, haka kuma ya amsa kira a fareti shekara 22. Da zamanin BVN da NIN ya zo, sai ya ba da sunansa da na mahaifinsa, yadda aka san shi a masallaci da wurin ɗaurin aure. Ƙari a kan wannan, yaron da ya cike masa fom ɗin tantancewa a wani shagon kwamfuta ya juya lambobi biyu, shekarar shigarsa aiki ta koma 1987, hidimar shekara 9 ta ɓace a bugun yatsa ɗaya. Takardar sallamarsa ta asali, wadda ita ce za ta raba gardama, gara ta cinye daidai kusurwar da kwanan watan yake.

Matsala ta biyu ta fi nauyi, kuma Baffa ba ya son a tayar da ita a gaban mutane. Ɗansa na uku ya bi sawunsa, ya fita daga Daffon nan da uban ya fita, aka tura shi arewa maso gabas, ya kai kofur. An ba shi izinin zuwa gida na 'yan kwanaki lokacin da mahaifiyarsa take kwance, ta rasu, shi kuma bai koma ba sai bayan watanni. Kotun soja ta same shi da laifi, ta yanke masa ɗauri da kora daga aiki. Ya gama zaman ɗaurinsa ya dawo gida, kuma shekara uku ke nan duk inda ya nemi aikin gadi sai kalmar kora ta riga shi isa. Kafin mu san wannan ofishi, wani da ya ce yana da hanya a Abuja ya karɓi naira 300,000 a hannun iyalin da alkawarin za a mayar da yaron bakin aiki cikin wata ɗaya, daga nan wayarsa ta daina shiga.

Ranar da muka fara zuwa, Baffa ya ɗauko akwatinsa na ƙarfe, wanda yake ƙarƙashin gadonsa tun ina yaro. Da muka shiga ya ga hoton mai ofishin sanye da kaki a bango, sai ya ajiye akwatin, ya haɗa dugadugai ya ƙame, duk da ciwon gwiwar da ya sa muka tsaya sau biyu a kan matakala. Barista ya miƙe ya ce, "Baba Saje, a zauna, yanzu ni da kai duk farar hula ne." Baffa ya amsa, "Yallaɓai, jiki ya saba." Aka buɗe akwatin a kan tebur. A ciki akwai lambobin yabo guda uku a naɗe cikin tsohon hankici, da littafin biyan albashi wanda bangonsa ya saɓule, da hoton ranar yaye su inda wani kurtu a sahun gaba yake riƙe da allo an rubuta shekarar da alli, da wasu takardu masu launin ƙasa waɗanda Baffa bai ɗauke su da muhimmanci ba. Waɗannan takardun Barista ya fara ɗagawa. Kwafe ne na abin da sojoji suke kira fat-tu oda, wato sanarwar bataliya inda ake buga ƙarin girma da canjin wurin aiki da aure da haihuwa na kowane soja, kuma ɗaya daga ciki tana ɗauke da ƙarin girman da Baffa ya samu a 1983. Ya ce mutumin da aka ƙara wa girma a 1983 ba zai yiwu a ce ya shiga aiki a 1987 ba, kuma wannan takarda ɗaya ta fi shaidar baki goma.

Abin da na fi yaba wa ofishin nan shi ne abin da ya faru a cikin awa ɗayan da ta biyo baya. Mun je da matsalolinmu a cakuɗe, muna kiransu duka zalunci, muna kuma son a kai ƙara. Barista ya ɗauki farar takarda ya ja layi biyu, ya raba ta gida uku. Gida na farko, in ji shi, na wanda takardarsa ta faɗi abin da ba haka yake ba, kuma maganinsa gyara. Gida na biyu na wanda yake cewa kotun soja ta yi kuskure a shari'arsa, maganinsa ɗaukaka ƙara. Gida na uku na wanda ya yarda ya aikata amma yana ganin hukuncin ya yi masa yawa, wannan kuwa ba shi da abin da zai nema sai sassauci ko afuwa. Ya ce yawancin takardun da tsofaffin sojoji suke aikawa suna mutuwa ne saboda an zuba gidajen nan uku a shafi ɗaya, mai karantawa ya rasa abin da ake so ya yi. Ban taɓa jin wani ya warware maganar haka ba, kuma da an yi mana wannan bayani shekara uku da suka wuce, da kuɗin da aka damfari iyalin suna nan.

A kan gyaran takardar Baffa aikin ya tafi daidai, ko da yake ba da sauri ba. Ya fahimtar da mu cewa mai biya daban, mai rubutawa daban. Hukumar Fanshon Soja da ke Dutsen Alhaji a Abuja ita ce take biya, tun da an fitar da sojoji daga tsarin fansho na karo-karo a 2011, amma tarihin aikin ƙaramin soja yana ajiye ne a ofishin adana bayanan sojoji da ke Lokoja, kuma daga can ake neman tabbacin ranar shiga da ranar fita da muƙamin ƙarshe. Ya hana mu taɓa sunan da ke cikin kundin soja, yana mai cewa tsohuwar takarda ita ce uwa, sababbi ne ya kamata su zo su bayyana dangantakarsu da ita. Saboda haka Baffa ya yi takardar rantsuwa a babbar kotu cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne, aka buga sanarwa a jarida, aka karɓo wasiƙa daga banki, sannan ofishin ya rubuta zuwa Lokoja tare da kwafin littafin albashi da fat-tu odar nan da hoton yaye. Kowace wasiƙa an yi ta kwafi biyu, ɗaya ta tafi, ɗaya ta dawo da hatimin karɓa da kwanan wata, kuma wannan ɗabi'a ita ce ta cece mu daga baya lokacin da aka tambaye mu yaushe muka shigar da takarda. Bayan wata biyar fansho ya dawo, aka kuma biya na watannin da aka tsallake.

Maganar ɗan Baffa ce ta nuna mini irin mutumin da muke hulɗa da shi. Bai ce komai a kanta ba sai da aka samo kwafin bayanan zaman kotun, ya tafi da su gida ya karanta, sannan ya kira mu bayan mako biyu. Ya bayyana mana cewa Dokar Rundunonin Soja, wadda ta samo asali daga dokar soja mai lamba 105 ta 1993, ta tanadi matakai, kuma kowane mataki yana da lokacinsa. Hukuncin kotun soja ba ya zama tabbatacce sai hukumar da ke da ikon tabbatarwa ta sa hannu, kuma kafin sa hannun nan wanda aka hukunta yana da damar rubuta duk abin da yake ganin zai sa a sassauta masa. Bayan an sanar da hukuncin, akwai kwana 40 na neman izinin zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Yaron bai yi ko ɗaya ba, domin babu wanda ya zaunar da shi ya gaya masa, shi ma kuma kunya ta hana shi sanar da gida sai da komai ya wuce. Barista ya ce kotu tana iya ƙara lokaci idan aka kawo dalili mai ƙarfi, amma ya duba bayanan ya ga yaron ya amsa laifinsa da bakinsa, an ba shi hafsan da ya kare shi, kuma bai ga gurbin da zai kafa ƙafa ba. Ya ce zai iya karɓar kuɗinmu ya shigar da ƙara, mu yi shekaru muna zirga-zirga zuwa Kaduna, amma ba zai yi ba. Lauyan da ya ƙi kuɗin da aka kawo masa har ofis ba kullum ake samunsa ba.

Saura gida na uku ke nan. A nan ma ya rufe mana ƙofofin da za mu ɓata lokaci a kansu. Baffa yana da niyyar a rubuta wa gwamna, sai Barista ya nuna masa cewa ikon afuwar gwamna ya tsaya ne a kan laifuffukan da dokar jiha ta tanada. Ni kuma na kawo maganar Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, ya ce dokar da ta kafa ta ta hana ta shiga abin da aka yi wa soja ƙarƙashin dokar soja. Hanyar da ta rage ita ce roƙon hukumomin sojin ƙasa su sake duba hukuncin, sama da su kuma akwai sashe na 175 na Kundin Tsarin Mulki na 1999, wanda ya ba Shugaban Ƙasa ikon yin afuwa ko rage hukunci ko musanya shi da mai sauƙi, har ma ya ambaci waɗanda kotun soja ta hukunta ƙarara, bisa shawarar Majalisar Magabata ta Ƙasa.

Da Baffa ya tambaya ko ana dacewa, Barista bai ba shi tabbaci ba, ya dai kawo masa abubuwan da suka faru kowa ya sani. A watan Mayun 2000 Shugaba Obasanjo ya mayar da korar sojojin da suka yi yaƙi a ɓangaren Biyafara ta zama ritaya. Sojoji 27 da suka yi zanga-zanga a Akure a 2008 kan alawus ɗinsu na aikin kiyaye zaman lafiya a Laberiya an yanke musu ɗaurin rai da rai, daga baya aka mayar da shi shekara 7, sannan aka sake su. A 2015 rundunar sojin ƙasa ta sake duba shari'o'in ladabtarwa a nan kusa da mu, a Jaji, ta mayar da sojoji 3,032 bakin aiki, a watan Disamban wannan shekarar kuma aka mayar da hukuncin kisan da aka yanke wa sojoji 66 ya zama ɗaurin shekara 10. Amma ya ja hankalinmu a kan cewa duk waɗannan na taro ne, akwai jaridu da manyan lauyoyi irin su Femi Falana a bayan wasunsu, kuma kofur ɗaya daga Zariya ba shi da wannan gata. Ya ƙara da cewa afuwar da aka yi wa Manjo Janar Mamman Vatsa ta zo ne a 2025, alhali an zartar masa da hukuncin kisa tun 1986. Baffa ya yi shiru, sannan ya ce, "Yallaɓai, ni ba na neman a mayar masa da kaki. A cire masa kalmar nan kawai, ya samu ya ci abinci."

A kan wannan jumla aka gina takardar roƙon, wato a mayar da korar ta zama sallama. Yaron ya zo da nasa rubutun, shafi shida, cike da sunayen manyansa da abin da kowanne ya yi masa a fagen daga. Ina zaune Barista ya ɗauki jan biro yana bi layi layi yana sokewa, har fuskar yaron ta canza. Da ya gama sai ya dube shi ya ce, "Kofur, ba a haɗa roƙo da zargi a takarda ɗaya. In kana da ƙorafi a kan wani, wannan wata takarda ce, wata rana ce. Yau durƙusawa muka zo yi, kuma durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne." Na lura cewa abin da ya sauko da yaron shi ne kiran da aka yi masa da muƙaminsa, wanda babu mai kiransa da shi tun ranar da aka kore shi. Takardar da ta fita shafi biyu ce. Ta amsa laifin a sakin layi na farko ba tare da kwana-kwana ba, ta kawo shekarun aikinsa da wuraren da ya yi su, ta nuna cewa shi ya mayar da kansa bariki ba kamo shi aka yi ba, aka liƙa mata takardar asibitin mahaifiyarsa da shaidar rasuwarta da shaidar kammala ɗauri da wasiƙun mai unguwa da limamin masallacinsu a kan halinsa tun dawowarsa.

A wata hira da muka yi muna jiran a buga takardar, Barista ya ambaci cewa a Amurka tun 1946 kowane reshe na soja yana da kwamitin farar hula wanda aikinsa ke nan gyara kuskure ko rashin adalci a takardun soja, da fom ɗinsa sananne, da wa'adin shekara 3 daga ranar da mutum ya gano kuskuren. Ko a can ma, in ji shi, kwamitin ba ya soke hukuncin kotun soja, iyakarsa ya sassauta horon. Na kawo wannan ne domin ya nuna cewa bambancin da ya zana mana a farar takarda ba dabararsa ba ce ta guje wa aiki.

Yanzu ga inda ofishin ya gaza, kuma ba ƙananan abubuwa ba ne. Kuɗin aiki ba a rubuce yake ba. An ce mana ganin farko naira 5,000, gyaran takarda 60,000, takardar roƙo 80,000, muka amince, amma daga baya kuɗin motar wanda zai je Lokoja da na kwanansa da na buga jarida suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, har suka kusa kai rabin kuɗin aikin. Ban ga alamar cuta a ciki ba, domin an kawo rasit na kowanne, sai dai mutumin da fanshonsa ya tsaya yana bukatar ya san jimillar abin da zai ranto tun ranar farko. Bibiya ma tana da rauni ƙwarai. Barista shi kaɗai ne lauya a wurin, rabin mako yana kotu a Kaduna ko Abuja, kuma idan ba ka kira ba babu mai kiranka. Amsar da ta zo daga Lokoja ta yi kwana 12 a cikin fayil kafin mu san ta iso, a lokacin da Baffa yake karɓar masara bashi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne sakataren ofishin ya yi kuskuren lamba ɗaya a lambar sojan Baffa a wasiƙar farko, wato irin cutar da muka zo neman maganinta. Baffa ne ya gano, domin ko cikin barci aka tashe shi zai karanto lambar nan, kuma aka gyara kafin a aika, amma tun daga ranar ban sake barin takarda ta fita ba sai na karanta ta harafi harafi, kuma ina ba duk mai zuwa shawarar ya yi haka. Ga kuma rashin sirri. Tsakanin ɗakin Barista da bencin jira katako ne kawai, har muka ji da kunnenmu yadda ya ƙi wani mutum da ya zo neman a rage masa shekarun haihuwa a takarda. Ƙin ya ƙara masa daraja a idona, amma na tuna cewa haka na bayanmu suka ji labarin ɗan Baffa, wanda uban ya ɓoye wa maƙwabtansa shekara uku. Takardun duka da Turanci suke, abin da ba makawa, kuma Barista yana fassara su da Hausa mai kyau idan yana nan, sakataren kuwa sai dai ya nuna maka wurin sa hannu. Matakalar benen ma ba a yi ta don mutanen da suka haura shekara 65 ba.

Wanda matsalarsa ta suna ce ko kwanan wata ko muƙami, ko matar da aka bar sunan wani a matsayin magaji a takardar mijinta, zai amfana da wannan ofishi, muddin ya zo da duk wata tsohuwar takarda da yake da ita, ya nemi a rubuta masa jimillar kuɗi, ya kuma ɗaura niyyar bibiya da ƙafarsa. Wanda kotun soja ta hukunta kwanan nan ya fi kowa bukatar ya hanzarta, tun kwanakin nan 40 ba su cika ba. Wanda kuma yake neman a ce masa an gama magana da wani babba, za a mayar da shi aiki wata mai zuwa, ba zai ji daɗin Barista ba ko kaɗan.

Takardar roƙon ɗan Baffa ta shiga wata shida da suka wuce. An aika tunatarwa sau ɗaya, kuma Barista ya ce za a sake aikawa bayan Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya, 15 ga Janairu, idan an gama hidimar bukukuwa an koma ofisoshi. Kwafin da ya dawo da hatimin karɓa yana cikin akwatin ƙarfen nan, a cikin leda saboda gara, kuma yaron yana tuƙa keke napep tsakanin PZ da Kwangila.